Kulocin 'Yar Ja

Tun kafin a turo motar cikin gareji Salmanu ya ji ƙaurin. Ƙaurin kuloci ne da aka danne aka ƙi saki har ya ƙone, irin wanda bakanike ko cikin barci ya shaƙa ba zai ce na birki ne ba. Ya zamo daga ƙarƙashin wata tasi yana goge hannu da tsumma, sai ga ta nan. 'Yar Ja ce, ƙarti na tura ta, Kalilu na zaune a ciki yana murza sitiyari da isa kamar shi ne yake tafiyar da ita.

Gaban Salmanu ya faɗi, kamar yadda yake faɗuwa duk ran da ya gan ta a hannun wani.

Duk Bukan Sidi babu wanda bai san tarihin motar nan ba. MG ce mai kujera biyu da rufin tamfol, wani Bature injiniyan jirgin ƙasa ya tafi ya bar ta. Salmanu ya tsince ta a bayan gidan wani tsoho, Baba Iorliam, kaji suna ƙwai a kan kujerunta. Shekaru ya yi yana tayar da ita daga kwance. Ya sa mata radiyeto ta Fijo saboda zafin Lafiya, ya ɗinke kujeru da jar fata, ya koyi daidaita kafiretonta guda biyu da kunne har sai sun yi numfashi tare. Don tsabar tattali, ko sau ɗaya bai taɓa kai ta gida Kwandere ba. Cikinta a ƙasa yake, hanyar kuwa duwatsu ne da ramuka. Mahaifinsa, Baba Ya'akubu, labarinta kawai yake ji a bakin mutane.

Abu ɗaya ya raba shi da ita, shi ne Zuwairatu, malamar firamare, 'yar Alhaji Muntaka mai hatsi na Arikya.

Da zancensu ya yi nisa, Alhaji ya kira Salmanu zaure ya ce masa, "Motar da ba ta ɗaukar buhu ɗaya, ba ta da wurin zaman mutum na uku, ai wannan abin wasan yara ne. Ka sayar ka kafa gareji na kirki, sannan mu san da mutum muke magana."

Ya sayar. Dillali ya ce masa wani mutumin Jos ne mai saye. Ba a yi mako ba ya ga 'Yar Ja a ƙofar gidan Alhaji, Kalilu ɗan wan Alhajin yana jingine da ita. Daga nan zance ya canza. Aka ce ba a san asalin mutanen Kwandere ba, aka ce zumunci ya fi, aka ce kada a ƙara ganin ƙafar bakanike a unguwar. Wato dai ya rasa mota, ga shi yana shirin rasa wadda ya sayar da motar dominta.

"Oga makanike!" Kalilu ya fito yana kaɗe babbar riga. "Ga motarka ta dā nan ta gaji. Ka ce ka gyara ta, ashe fenti ka shafa."

Salmanu ya matso kusa da motar. Ya leƙa ciki.

Bakanike ba ya tambayar mai mota abin da ya faru, motar yake tambaya. Kujerar direba an jawo ta gaba har ƙarshen ƙarfenta. Madubi an karkato shi ƙasa. A kan kujera ga ƙaramin matashi mai adon fulawa an ninka biyu, a jikin fedar kuloci kuwa ga sawun takalmi ɗan siriri. Kalilu dogo ne kamar falwaya, ko a mafarki ba zai zauna a nan ba.



"Wa yake koyon mota da ita?" Salmanu ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba.

Kalilu ya yi dariya mai sauti. "Au, har ka gane? Ƙanwata ce. Kullum da yamma muna filin makaranta. Baffa da kansa ya ba da izini."

Baffa ya ba da izini! Shi kuwa duk shekarun da motar take hannunsa, Alhaji bai taɓa yarda Zuwairatu ta shiga ba, wai babu kujerar ɗan rakiya. Sau ɗaya tak ta taɓa zama a ciki, motar na kan bulo ba tayoyi, ƙafarta na lilo ba ta kai ƙasa. A ranar ya sassaƙa mata ɗan katako na ɗora ƙafa ya ɗaure da noti a gefen fasinja. Katakon na nan har yanzu.

Sai ya ji an buɗe ƙofar wata Fijo da ta biyo 'Yar Ja a baya. Zuwairatu ce ta fito, gyalenta ruwan ƙasa, littattafan yara a hannu. Rabonsa da ganinta ido da ido tun farkon damina. Ta rame. Ya ga ramar, amma zuciyarsa ta ce masa ai daɗin yawo ne.

"Ina wuni, Malam Salmanu."

"Lafiya, direba."

Ta dube shi da sauri, sannan ta sunkuyar da kai. Ta matso kusa da bonet ta ce a hankali, "Na tuna ka taɓa cewa kulocin wannan sai an sauke inji gaba ɗaya. Kuma kayanta babu a Lafiya. Ba aikin gaggawa ba ne, ko?"

Ji yadda take tattalin motarsu! Har ta fara ba shi umarnin yadda zai taɓa abin da ya gina da hannunsa.

"Kayanta sai Legas," Kalilu ya sa baki yana tsaki. "Da wannan matsin ostariti kuwa, sai ran da Allah ya yi. Ni ko na riga na rantse a gaban abokaina, ran da manyana za su je neman aure, motar nan ce a gaba, Babana a ciki. Ban saye ta don wani abu ba sai wannan."

Da Salmanu mai hankali ne a wannan lokacin, da ya tsaya ya auna maganar. Amma kishi ya riga ya toshe masa kunne, abin da ya ji kawai shi ne neman aure.

"Ba sai an je Legas ba," ya ce, yana kallon Zuwairatu ido cikin ido. "Ka zo ran Alhamis. Kada Malama ta daɗe ba ta sha iska ba."

Ya ga leɓenta ya motsa kamar za ta yi magana. Kalilu ya buɗe mata ƙofar Fijo, ta shiga, suka tafi.

Tyav mai gyaran jikin mota, wanda suke raba inuwar mangwaro ɗaya da shi, ya ajiye gudumarsa ya zo ya tsaya a kansa. Dattijo ne mai gwarancin Hausa gauraye da Turancin buroka, ya ga ranar da aka jawo 'Yar Ja da igiya.

"Salmanu, kai akwai hankali kuwa? Wannan aiki na wata guda ne. Wetin dey pursue you? Yarinya ya ce maka ba gaggawa, kai ka ce Alhamis."

"Ba na son ganinta a nan, Baba Tyav. Ko motar ko mai motar."

"To wanene mai motan? Wannan dogo, ko wannan da ya yi kuka a ido?"

"Ba kuka ba ne, kwalli ne."

Tyav ya girgiza kai ya koma bakin aikinsa.

Salmanu ya rataya sarƙa a reshen mangwaro ya zaro inji da giya tare. Farantin kuloci ya fito baƙi ƙirin, ya ƙone har ƙarfe. Ya juya shi a hannu yana mamaki. Ɗan koyo yakan cinye kuloci a hankali ne, cikin watanni. Wannan kuwa kamar an samu tudu an tsaya a kai, an danne rabi, an yi ta ba ta wuta. Sai ya hango su a zuci: ita a sitiyari tana dariya, Kalilu ya miƙo hannu ya ɗora kan nata a giya yana cewa a hankali, ƙanwata. Ya yi jifa da farantin har ya daki bango.

Daga baya ya je ya ɗauko farantin. Ya bi 'yan gwangwan ya samo farantin Fijo mai sauran rai, ya ɓare fatarsa, ya yanke ta daidai da na 'Yar Ja, ya huda, ya buga ƙusoshin ribit ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne da ba kowa zai iya ba, shi ma ya san haka, kuma yana so a sani. Abinci sai Tyav ya tura masa kwano a gaba. Duk notin da ya ɗaure sai ya ce a ransa, ga gudummawata ta biki.

Ran Alhamis da hantsi ya mayar da bonet. Ya wanke ta, ya goge ta har mutum na ganin haƙoransa a jikin ƙofa. Matashin mai fulawa kuwa ya ajiye shi daidai inda ya same shi.

Azahar ta gota kaɗan sai ga Zuwairatu ita kaɗai, a ƙasa, da lema a hannu, tana haki. Ta tsaya a bakin gareji. Idonta ya sauka kan motar, ya koma kan reshen mangwaro inda sarƙa ke lilo babu komai a jikinta.

"Ina injin?"

"Yana cikinta."

"Ka gama?"

"Ai na yi alkawari. Ko kin zo gwaji ne? Ga matashinki can."

Lemar ta suɓuce daga hannunta. Ta dafa bango, sai hawaye, ba sauti, suna zuba kawai.

"Innalillahi. Salmanu, me ka yi mana?"

Sunansa da ta kira haka tsirara, ba Malam, ya ɗan taɓa shi. Amma ya daure fuska.

"Me na yi? Na gyara wa angonki mota. Ni da aka hana ki zauna kusa da ni a cikinta ko na minti ɗaya, shi kullum da yamma kuna fili. Kin san abin da nake ji in na ga ta wuce? Kin san yadda na samo fatar kujerar da kike zama a kai? Kuma a rasa abin da za ki yi mata sai ki ƙone mata kuloci kamar..."

"Ka ji ko!" Ta ɗago. "Tun farkon damina ba mu haɗu ba. Na zo, ba ka ce Zuwaira ya kike ba, ba ka ce me ya ramar da ke ba. Kuloci! Ni fa har yau ban san wadda kake kishi a kanta ba, ni ce ko ita."

"Kada ki juya magana."

"Ba juyawa nake ba, tambaya nake. In ka gan mu mun wuce, wa kake fara kallo?"

 Gaskiya ita ce kunnensa ne yake fara jin ƙarar injin, ya ce an kwance masa kafireto.

Ta share hawaye da bakin gyale, wasu suka biyo.

"Wa ya koya mini yadda kuloci yake ƙonewa? Ba kai ba ne, a zauren gidanmu, ran da ka zo zance ka ɓata rabin hirar kana zagin wani direba? Ka ce a tsaya kan tudu, a saki rabi, a danna totur. Ni ban manta maganarka ko ɗaya ba. Tudun bayan makaranta na samu. Yaya Kalilu na ihu in saki, na ce ƙafata ce ta maƙale."



"Da gangan?"

"To da me? Kana tsammani son tuƙi ne ya sa na yarda in zauna kusa da shi? Shi yake kai ni makaranta, shi yake ɗauko ni. Ko aike ba ni da halin yi maka, duk yaran gidan 'yan rahotonsa ne. Yau ma ƙarya na yi wa hedimasta na fito. Na san ya rantse manyansa ba za su zo ba sai da motar nan. Na ce in ta kwanta wata guda, Gwaggo Mairama za ta samu lokacin shawo kan Baba, kai kuma ka shirya mutanenka. Na tsaya a gabanka na ce maka ba aikin gaggawa ba ne. Me kake so in ƙara cewa, yana tsaye a bayana?"

Ya zauna a kan tsohuwar taya ba tare da ya san ya zauna ba.

"Gwaggo ta yi magana da Alhaji?"

"Kullum sai ta yi. Ta ce masa shi ya sa ka sayar da abin da ka fi so, ka sayar, in ya juya baya yanzu me za a kira shi a kasuwa? Jiya ya sauko. Ya ce in manyanka sun isa, su zo ya gan su, zai tambaye ni a gabansu. Amma ya ce in na Yaya Kalilu suka riga sallama a zaurensa, ba zai kunyata wansa ba, magana ta ƙare." Ta ja numfashi. "Na taho da gudu in gaya maka kana da sauran makonni. Ashe kai ka zauna ka ƙi ci ka ƙi sha, kana gyara masa hanya."

"Zuwaira..."

"Da safe Yaya Kalilu ya aika wa Baba. Ya ce bakanike ya yi alkawarin yau, don haka yau bayan La'asar za su zo. Ni na ɗauka ba za ka gama ba."

Tyav ya daɗe da daina buga guduma. Ya matso yana magana ƙasa ƙasa. "Cire waya ɗaya kawai. Ka ce aiki bai gama ba. Who go know?"

Salmanu ya girgiza kai. Kalilu ba wawa ba ne. In ya ga mota a wanke ta ƙi tashi, zai gane, ya kwashi manyansa a Fijo ya tafi, rantsuwa kuwa ya yi kaffara daga baya. Kwandere kuma ba nan kusa ba ce ga mai tafiya a ƙasa, motar haya sai ta cika take tashi, Baba Ya'akubu yana can cikin gonar doya bai san abin da ake ciki ba.

Hon ɗin Fijo ya katse masa tunani.

Kalilu ya fito cikin farar shadda, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Ya ga Zuwairatu, ya ga idonta, murmushinsa ya ɗan daskare.

"Ƙanwata, me kike yi a nan? Na je makaranta an ce ba ki da lafiya."

"Matashina na zo ɗauka," ta ce.

Ya dube ta, ya dubi Salmanu. Sannan ya zagaya motar yana shafa ta da tafin hannu, tun daga fitila har bayanta, a hankali, yana kallon bakaniken.

"Ka iya aiki, ba ƙarya. Za a ba ka kati na musamman." Ya miƙa hannu. "Makulli."

Makullin na cikin aljihun Salmanu, ya ji sanyinsa a cinya.

"Ban yi mata gwajin hanya ba."

"Wane gwaji kuma? Manya na jira."

"Ba a sauke inji a mayar a miƙa wa mai mota ba gwaji. Tambayi kowa."

"Na true," in ji Tyav. "In giya ya faɗi a hanya da Babanka a ciki, sunan wa za a kira?"

Kalilu ya duba agogo ya yi tsaki. "Zagaye ɗaya. Ka kai kwanar can ka dawo."

Salmanu ya shiga. Ya tura kujera baya inda take a dā, ya gyara madubi. Ya ɗauki matashin mai fulawa ya miƙa wa Zuwairatu ta saman ƙofa. Ta karɓa, idonta ya tsaya a kansa.

Ya murza makulli. Bugu ɗaya 'Yar Ja ta tashi, da wata murya mai laushi da bai taɓa jin ta yi ba ko a hannunsa. Kulocin ya kama kamar daga kamfani ya fito.

Ya hau kwalta. Giya ta biyu, ta uku. Iska ta cika masa riga. Ya kai kwanar da aka ce ya juya, ya wuce ta. A madubi ya hango farar shadda ta fito tsakiyar titi tana ɗaga hannu.

Motar ba tasa ba ce. Ya san abin da ake kiran wanda ya tafi da motar mutane, ya san ofishin da ake kai shi. Ya dubi kujerar gefe, babu kowa sai ɗan katakon nan a ƙasa. Kujera ɗaya ce, amma ta ishi tsoho ɗaya da sandarsa.

Mararrabar Kwandere ta taso. Jar ƙasa ce, ruwan jiya ya zaizaye ta, duwatsu sun fito da kawunansu, ga wani rami cike da taɓo tun daga bakin kwalta. Hanyar da ya yi shekaru yana hana 'Yar Ja ko shinshinawa.

Ya karya sitiyari.

Dutsen farko ya daki cikinta, ƙarar ta ratsa har haƙoransa. Na biyu ya fizge salansa, ya ji tana jan ƙasa a bayansa tana kururuwa. Taɓo ya fantsamo ya rufe jan fentin da ya goge da safe.

Salmanu ya ciji leɓe, hawaye ya cika masa ido, ya ƙara danna totur.